Gonar Goggo Hajo da Baƙin Allo

Ku 'ya'yana, kun taso kuna jin wannan labari daga bakina, kuma kowace shekara sai ya ƙara ƙiba kamar ragon layya. A wani zama na ce muku kwamfutar ta yi hayaƙin da ya rufe rabin Batsari, a wani kuma na ce da yatsa ɗaya na tashe ta ina kurɓar shayi da ɗaya hannun. To, yau da na riƙe alƙalami zan sauke kayan da na ɗora wa labarin, ko da ba duka ba, tunda mai hali ba ya fasa halinsa. Uwarku tana da rai, in na karkace ku je ta miƙar da ni.

A shekarar da aka yanke layin waya a yankinmu ne. Ba kira, ba saƙo, ba intanet. Shagona yana jikin gidanmu, ƙofarsa tana kallon titi, kuma jarina duka bai wuce kwamfuta ɗaya da injin buga takarda da sola a kan rufi ba. Da layi ya ɗauke sai kasuwata ta buɗe ta wata fuska, domin kowa ya dawo ga mamori. Mutum ya zo da nasa, in zuba masa wa'azi ko waƙa ko fim, ya tafi ya kashe kewa. Ina da wata 'yar na'ura mai bakuna da yawa da ake soka mamorin a ciki, tana rataye da waya a bayan kwamfutar, kuma ba a taɓa samun ta da baki a wofi ba. Manhajar da ke kan kwamfutar ba irin ta kowa ba ce, irin ta kyauta ce wadda ake ba umarni a rubuce. Na koye ta rabi daga littafi, rabi daga taurin kai, amma in kun ji ni ina bayaninta a majalisa sai ku rantse ni na ƙera ta.

A wannan kakar Goggo Hajo, ƙanwar mahaifina, tana zaune a wani ɗaki da aka ara mata a cikin gari, ita da mutanen unguwarsu da suka baro Yasore saboda 'yan bindiga. Mijinta Malam Tanimu ya rasu da damina. Shekara biyu kafin haka, lokacin ana iya zuwa ƙauye a dawo da dariya, ya kira ni ya ce in zo da wayata. Ya zagaya da ni wata gona a bakin fadama, yana tafe yana nuna iyaka da sandarsa ina ɗaukarsa bidiyo, ya faɗa da bakinsa cewa ya ba Hajo ita kyauta yana raye, ba ta cikin gado. Mutum biyu suka tsaya shaida. Ɗaya ya riga shi mutuwa, ɗayan ya ƙetare iyaka da iyalinsa ba a san garin da ya sauka ba. Wayar da na ɗauka da ita ta daɗe da faɗawa ruwa. Hoton bidiyon nan yana wuri ɗaya tak a duniya, cikin kwamfutata.

Ƙanin marigayin, Baba Iro, ya ce shi bai taɓa jin zancen kyauta ba. Kada ku ɗauke shi mugu, mutum ne mai iyali goma sha da dawa ta ƙare masa, kuma da gaske bai ji ba. Dawar gonar ta nuna, an kuma sa ranar da mutanen unguwar za su shiga yanka a ayari guda, su fito kafin rana ta karkata. Dole a san mai gonar kafin ranar. Limaminsu ya sa zama ranar Asabar da hantsi, ya ce magana ɗaya ce: in Hajo ta kawo hujja gona tata ce, in ba ta kawo ba Iro ya rantse bai san da kyauta ba, a zuba ta cikin gado.

Ranar Laraba ta wannan makon ni kuma na tashi da aikin da ba wanda ya sa ni. Faifan da kwamfutar ke ajiya a cikinsa ya cika har wuya, tana tafiya kamar jakin da aka ɗora wa dutsen niƙa. Ina da wani faifai na biyu da na ajiye, sai na kwance duk wayoyin da ke bayanta, na buɗe cikinta na sa shi, na raba shi gida biyu. Na kwashe babban kundin da ke riƙe da kayan mutane na kai ɓangare ɗaya. Na kwashe kundin da ita kanta take rubuta harkokinta, wanda in babu shi ba ta kammala tashi, na kai ɗaya ɓangaren. Akwai wata 'yar takarda a cikinta da take karantawa duk sanda aka kunna ta, don ta san inda kowane kundi yake zaune. Hanya biyu ce ta rubuta adireshin. Ko ka sa lambar faifan ta dindindin, wata doguwar aba mai haruffa da lambobi da ta kai tsawon igiyar guga, ko ka rubuta a gajarce cewa faifai na biyu, ɓangare na ɗaya. Ni da nake son in gama kafin a sauke dambu, kun san wadda na zaɓa. Na kunna, ta tashi garas. Na yi wa kaina kirari, na goge tsofaffin kundayen daga faifai na farko don a samu fili, na mayar da wayoyi da na'urar mamori mazauninsu, na yi aiki har yamma na kashe.

Da safiyar Alhamis na danna mata, sai ta fara tashi ta tsaya a hanya. Baƙin allo, fararen rubutu suna gangarowa, can ƙasa tana cewa ta nemi wani wuri ba ta samu ba, ta shiga halin gaggawa. Na kashe na kunna. Na sake. Na sake har yatsana ya san maɓallin fiye da yadda ya san hanyar bakina. Na shiga ta ƙofar gaggawar na leƙa kundin kayan mutane, na tarar da shi fayau kamar rumbu a watan bakwai. Ban tsaya karanta abin da take faɗa ba, tsoro ya riga ya karanta mini: na goge tsohon, sabon kuma babu.

Ina cikin haka sai ga Goggo da carbinta, ta tsaya a bakin ƙofa. Na yi wuf na juya allon. Muka gaisa doguwar gaisuwa, ta tambayi uwarku da ku ɗaya bayan ɗaya, sannan ta rage murya.

"Ɗan'asabe, abin ga yana nan ko?"

"Goggo, yana nan daram. Kwafi goma na yi masa. Ko gobara ta cinye Batsari, Allah ya kiyaye, sai an samu tara."

"To madalla. Ka san ba ni da kowa sai Allah sai shi."

Ta tafi tana sa mini albarka, kowace albarka tana sauka a kaina kamar guduma.

Uwarku ta gane ne daga kwanon abinci. Ni da ake ɓoye wa tukunya, ranar na bar rabin tuwo.

"Malam, wa ya mutu?"

Na faɗa mata komai, har da kwafi goma. Ba ta yi mini faɗa ba, da ma ta yi da ya fi sauƙi. Cewa kawai ta yi:

"Gobe ka kai wa Lawal."

"Lawal? In kai kaina mahauta da ƙafata?"

"Gonar marainiyar Allah ce a ciki, ba girmanka ba."

Lawal ɗan kawuna ne, taubashina, yana gyaran waya da kwamfuta a Safana. Tun muna yara bai taɓa kirana da sunana ba sai bawansa, kuma duk kuskuren da na yi a duniya yana ajiye da shi yana fito da shi a wurin biki. Amma ba waya balle in tambayi wani daga nesa. Ranar Juma'a da sassafe na kwance wayoyin, na naɗe kwamfutar a bargo, na rungume ta a kujerar gaban mota kamar mai kai jariri asibiti. Hanyar nan da a da muke cinye ta da hira, ranar ba wanda ya yi tari. Direba yana tuƙi idonsa ɗaya a kwalta ɗaya a daji. Duk inda muka hango babur ya fito daga hanyar ƙafa sai ka ji salati ya tashi a hankali daga baya. Wata tsohuwa ta riƙe mini kafaɗa tun daga tasha, ba ta sake ni ba sai da muka ga rufin gidajen Safana, kuma har yau in hadari ya taso wurin yana mini ciwo.

Lawal ya gan ni da bargo ya washe baki.

"A'a, bawana, haihuwa aka yi ba a gaya mana ba?"

"Ta ƙi tashi ne. Ka duba, kada ka cika ni da surutu."

"Ai maganinta ɗaya. A wanke ta tas, a zuba mata sabuwar manhaja irin ta mutane. Kafin a hau mumbari ka kama hanya."

Haka masu gyara suke yi, duk abin da ya gagara sai a goge komai a fara daga farko. Na dafe akwatin da hannu biyu na ce ko kusa. Ban gaya masa abin da ke ciki ba, domin in ya ji na jefa gonar Goggo a rijiya, har jikokina sai sun sha gori. Ya ɗaga kafaɗa, ya jona mata wuta da allo da madannai, ya danna. Jama'a, sai ga ta ta tashi. Ba tangarɗa, ba baƙin allo. Na buɗe kundin, ga komai a jere, ga bidiyon Malam Tanimu da sunansa.

"Ka gani? Ta ga ubangidanta ta nutsu. Kawo in kwafe maka abin da kake tsoro a filasha, tunda ka sha hanya."

Wannan wurin ne nake tsallakewa duk sanda nake ba ku labarin. Filashar tana hannunsa, aikin bai kai a sha kofin ruwa ba. Amma na hango shi a bikin da ke tafe yana cewa shi ya ceci Goggon bawansa, sai na ji bakina yana cewa:

"Ajiye kayanka. Zafi ne ya dame ta, iskar hanya ta warkar da ita. Da ma zuwa na yi in ga ko ka iya aiki."

Muka yi masallaci, ya saya mini balangu, na dawo gida kafin la'asar ina waƙa a ciki. Na mayar da kowace waya mazauninta. Hadari ya rufe rana tun azahar, batirin sola ya yi ƙasa, sai na ce bari in tanadi wutar saboda gobe. Ban kunna ba.

Asabar da hantsi aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar shagon. Liman ya zo da Alƙur'ani naɗe a cikin ƙyalle, dattawa huɗu suna biye da shi. Baba Iro ya zo da alwalarsa, ruwa bai bushe a gemunsa ba. Goggo ta zauna a gefe ta ja mayafi. Na juyo da allon waje don kowa ya gani, na yi ɗan jawabi a kan ci gaban zamani, na danna.

Baƙin allo.

Na sake dannawa. Fararen rubutun nan suka gangaro suka tsaya daidai inda suka tsaya ranar Alhamis. Na ji gumi ya taso daga ƙeyata ya bi kwarin bayana har cikin wando. Wani dattijo ya ce a hankali, abin da ya yi aiki jiya a Safana ya ƙi a Batsari ai ba na asibiti ba ne, ya kalli Baba Iro ta wutsiyar ido. Baba Iro ya miƙe tsaye.

"Mi kake nuhi? Ni zan yi wa akwati asiri? Ku faɗa a fili in ji."

Liman ya ɗaga hannu, aka zauna. Ya juyo gare ni.

"Hajo ta ce ka yi kwafi goma. Ɗauko ɗaya, a sa a wayar wani."

Ƙaryata tana da ƙanne da yawa, kuma duk sun taso a lokacin suna neman fita. In ce suna Katsina. In ce ɓera ya ci. In bar zancen asirin ya yi tafiyarsa, laifi ya koma kan Baba Iro. Na kalli Goggo, ita ba allon take kallo ba, ni take kallo.

"Allah gafarta Malam, babu kwafi. Ko ɗaya. Ƙarya na yi mata. Ni na taɓa cikin kwamfutar ranar Laraba, kuma jiya an ba ni damar kwafewa na ƙi saboda girman kai. Babu hannun Baba Iro a ciki."

Goggo ba ta ɗaga murya ba.

"Ɗan'asabe, da ni ka yi wasan naka?"

Liman ya dubi inuwar bango, ya ce ba za a riƙe mutane har abada ba, ya ba ni zuwa kiran azahar. In an kira babu hujja, Iro zai dafa Alƙur'ani.

Na shiga na zauna, a karon farko na karanta abin da take faɗa layi bayan layi, kamar mai koyon baƙi. Cewa take ta je faifai na biyu, ɓangare na ɗaya, abin da ta tarar ba irin wanda aka gaya mata ba ne. Ɓangare na biyu kuwa ta ce babu shi sam. Na ce to bari in buɗe wannan faifai na biyun da hannuna in ga abin da ya rage. Na rubuta umarnin, ya buɗe. Ba takardun mutane, ba Malam Tanimu. Sai sunayen waƙoƙi, da jerin hotuna da aka sa wa suna: bijimi fari, bijimi mai tozo, sa na Ruma. Na ce shi ke nan, na haukace. Na fita ta ƙofar baya na shiga soro, na tarar da uwarku a tsaye, ashe tun ɗazu tana nan tana ji.

"Shanu nake gani a cikin faifaina."

"Shanu kuma? Na wa?"

"Ina zan sani? Ni ko akuya ban taɓa ɗauka hoto ba."

Sai ta tambaye ni:

"Ba Sale mahauci ne ya bar mamorinsa tun ranar Laraba ba? Jiya sau biyu yana sallama kana Safana. Mamorin yana ina?"

"Yana cikin na'urar, a baya."

"Ka tafi da na'urar Safana?"

Ta ci gaba:

"Kai ka ce mini ka rubuta mata na biyu. Malam, a layin burtsatse wadda take ta biyu jiya ba ita ce ta biyu yau ba. Duk wadda ta riga ajiye jarka ita ce."

Ban san lokacin da na koma shagon ba, an ce na bar takalmi ɗaya a soro. Abin da ya faru ke nan: duk sanda aka kunna ta, kwamfutar tana ƙirga faifan da ta tarar ne bi da bi. Ranar da na gwada, na'urar mamori tana kwance a ƙasa, sabon faifaina ya zama na biyu. Da na mayar da ita, mamorin Sale ya riga shi shiga layi, faifaina ya koma na uku, kayana suna zaune lafiya a inda ba wanda ya je nema. A Safana ba na'urar, shi ya sa ta tashi. Na zare wayar, na kashe, na yi bisimilla na danna. Ladan ya riga ya wuce ta gabanmu da butarsa. Rubutun ya gangaro, ya iso wurin da yake tsayawa, ya ɗan yi jim. A wannan jim ɗin na tsufa da shekara bakwai, furfurar da kuke gani a nan ta fito. Sai ya wuce.

Na juya allon, na ƙara murya. Ga Malam Tanimu da tsohuwar hularsa da sandarsa, iska tana kaɗa masa riga, yana haki kaɗan saboda tafiya.

"Daga tsamiyar ga har bakin ruwa, daga gamban can har turbar shanu, na ba Hajo. Kyauta ce, ina da hankalina. Iro ba ya nan, ya tahi Darini, amma in ya ji ba zai ƙi ba. Ni na goye shi."

Aka ji muryata a bayan hoton ina cewa ya maimaita don iska, ya ce in rufe masa baki. Ba wanda ya yi dariya. Baba Iro ya matso har gwiwarsa ta taɓa teburin, ya ƙura wa allon ido.

"Mai da shi baya."

Na mayar. Ya saurara har ƙarshe, ya ce in sake, na sake. Sannan ya goge fuskarsa da hannun riga, ya juya ga Liman.

"Malam, mai da Littafin cikin ƙyallensa. Gonar Hajo ce."

Aka shafa fatiha daidai lokacin da ladan ya ɗaga murya. Kafin in tafi masallaci na kwafe bidiyon a mamori uku, na ba Liman ɗaya, Goggo ɗaya, Baba Iro ya miƙo hannu na ba shi na ukun. Da yamma na zauna na rubuta doguwar lambar nan harafi bayan harafi a cikin takardar, na kunna da na'urar a jone, na kunna babu ita, sau biyar biyar.

Abin da ya biyo baya ba na daɗi ba ne. Labari ya zaga gari cewa na yi wa goggona ƙarya a kan gonarta, kuma mutanen da ke kawo mini takardun filayensu in adana suka riƙa zuwa ɗaya bayan ɗaya suna karɓa, cikin ladabi, ba mai kallon idona. Lawal ya ji kafin mako ya zagayo, bai kuma yi mini gori ba, abin da ya fi gorin ciwo. Amma wannan daga baya ne. A ranar, da aka watse, Goggo ta tsaya a bakin ƙofa tana ɗaure mamorin a gefen zanenta, ƙulli uku. Na durƙusa na fara jero ban haƙuri. Ta bar ni na gama.

"Jibi za a shiga yankan dawa. Ba ni da namiji a gida."

"Goggo, ni da wannan tumbin? Hanyar Yasore fa, kin san yadda take."

"Na sani. Ka zo gobe da magirbi, mota tana tashi bayan asuba."

Na je. Dami goma sha ɗaya na ɗauko a kaina zuwa bakin hanya, ina waiwayen daji a kowane taku, Baba Iro yana gabana da nasa. Wannan lissafin ban ƙara masa ko zangarniya ɗaya ba.